Jak Kusto: Mutumin da Ya Buɗe Ƙofar Teku, Ya Dawo Yana Gadinta

Da yawa daga cikinmu a makarantar nan ba mu taɓa tsayawa a bakin teku ba. Amma da wuya a sami wanda bai taɓa ganin bidiyon ƙarƙashin ruwa a wayarsa ba: mutum goye da tulun iska, tabarau a fuska, yana shawagi a tsakiyar kifaye kala-kala. Duk irin wannan hoto, in aka bi salsalarsa, sai an dangana da wani sojan ruwan Faransa mai suna Jacques-Yves Cousteau, wanda ake furta sunansa Jak Kusto. Shi da wani injiniya suka ƙera na'urar da ta ba mutum damar yin numfashi a cikin ruwa ba tare da an jona masa tiyo daga sama ba.

Abin da ya sa na zaɓi tarihinsa a wannan fitowar shi ne wani abu da ya tsaya mini a rai. Mutumin nan ya taɓa sa wa a tayar da nakiya a kan murjani, ya ɗauka a fim, aka ba shi lambar yabo. Kuma shi ɗin dai ne ya ƙare rayuwarsa yana ja da gwamnatoci a kan su bar teku ya huta. Mu da ake koya wa ƙira da harhaɗa na'ura, ya kamata mu san abin da ya faru tsakanin waɗannan biyun.

Hatsarin mota ne ya kai shi ruwa

An haife shi ranar 11 ga Yuni, 1910, a Saint-André-de-Cubzac, wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin Faransa. Mahaifinsa, Daniel, lauya ne da ke yi wa attajiran Amurka aiki, shi ya sa iyalin suka ɗan zauna a New York lokacin yana yaro. Yaro ne mai yawan laulayi, amma ga son ruwa ga taɓe-taɓen inji. Tun yana matashi ya mallaki kyamarar ɗaukar fim, kuma bai rabu da kyamara ba har ya mutu.

A 1930 ya shiga makarantar hafsoshin sojan ruwa da ke Brest. Burinsa tuƙin jirgin sama, har ma ya fara samun horo. Sai ya yi mummunan hatsarin mota, hannayensa biyu suka karye. Likitoci sun so su yanke ɗaya, ya ce bai yarda ba. Maganar tuƙin jirgi dai ta tashi. Aka tura shi sansanin sojan ruwa na Tulon, a bakin Bahar Rum, inda ya riƙa yin iyo kullum don hannuwan su dawo da ƙarfi. A nan ne, a 1936, wani hafsa abokin aikinsa mai suna Philippe Tailliez ya ara masa tabarau na nutso. Ya sa kansa a ruwa, ya ga abin da ke ƙasa tar. To, gani ya kori ji. Daga ranar hankalinsa bai sake barin ƙarƙashin ruwa ba. Ba da jimawa ba wani gwanin nutso, Frédéric Dumas, ya zama na ukunsu.

Bawul ɗin da ya canza komai

Matsalar nutso matsala ce ta nauyin ruwa. Duk mita 10 da mutum ya gangara, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A mita 10 ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Shi ya sa ko ka sa dogon tiyo a baki ba za ka iya zuƙo iska daga sama ba, don ƙirjinka ba zai iya buɗewa ba. Dole iskar da za ka shaƙa ta zo da matsi daidai da na ruwan da ke kewaye da kai. A da, masu nutso kan sa ƙatuwar hular ƙarfe da takalman dalma, wasu na sama suna buga musu iska da famfo. Akwai waɗanda suka riga Kusto gwada tulun goyo, irin su Yves Le Prieur, sai dai nasa iskar kwarara take yi ba tsayawa, nan da nan tulun ya ƙare. Shi kansa Kusto ya gwada na'urar da ke aiki da tsantsar iskar oksijin, sau biyu tana sa shi farfaɗiya a cikin ruwa.

Mafita ta zo ta gidan surukai. A 1937 ya auri Simone Melchior, wadda mahaifinta babba ne a kamfanin iskar gas na Air Liquide. Ta hanyarsa ya haɗu da injiniya Émile Gagnan a ƙarshen 1942. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Jamus ta mamaye Faransa, fetur ya yi wuya, Gagnan kuwa ya ƙera wani ɗan bawul da zai sa mota ta yi aiki da gas. Duk wanda ya taɓa ɗaura kan silindar girki ya san irin aikin: gas yana cikin tulu da matsi mai yawa, kan ne ke rage shi. Bambancin na Gagnan shi ne ba ya sakin komai sai an zuƙa. A ciki akwai wata 'yar fatar roba da ruwa ke dannawa ta waje, saboda haka ita da kanta take daidaita matsin iskar da zurfin da mutum yake.

Gwajin farko, a kogin Marne kusa da Faris a farkon 1943, bai yi kyau ba. In Kusto ya kwanta a miƙe komai lafiya. In ya tashi tsaye iska ta yi ta tsiyaya, in ya juya kai ƙasa numfashi ya gagara. Suka gano dalili: ƙofar da iskar da aka fesar ke fita ta yi nisa da bawul ɗin, matsin ruwa a wuraren biyu ba ɗaya ba ne. Suka matso da ita kusa da fatar robar, shi ke nan. Da bazarar shekarar suka yi ta nutso da ita a gaɓar Bandol. Ita ce na'urar da aka sayar wa duniya da sunan Aqua-Lung. Masu furojet na ajin ƙarshe, ku lura fa: ba sabon inji suka sake ba, wurin ƙofa ɗaya kawai suka canza.

Yaƙin ya raba gidansu biyu. Shi Kusto ya taimaka wa masu gwagwarmayar 'yantar da Faransa, wansa Pierre-Antoine kuwa ɗan jarida ne da ya bi bayan 'yan mamaya, har aka yanke masa hukuncin kisa bayan yaƙi, daga baya aka sassauta. Nutson ma ya ci rai: a 1947 ɗaya daga cikin mutanensu, Maurice Fargues, ya mutu a zurfin mita 120 wajen gwada iyakar na'urar. A irin wannan zurfi iskar naitirojin kan bugar da mutum kamar wanda ya sha giya.

Calypso da fim ɗin nakiya

A 1950 wani attajiri, Loel Guinness, ya sayi tsohon jirgin share nakiyoyin ruwa na sojan Ingila, ya ba Kusto haya a kan faran ɗaya a shekara. Sunan jirgin Calypso. Tafiyarsa ta farko mai nisa, a ƙarshen 1951, Bahar Maliya ya nufa, don a nan murjani yake.

Bari in ɗan tsaya a kan murjani. Mu abin da muka sani da sunan shi ne jan dutsen ado da iyayenmu mata ke sawa a wuya. Wancan ɗan'uwan wanda nake magana a kai ne. Murjani ba dutse ba ne, ba kuma tsiro ba ne. Wasu ƙananan halittu ne masu rai, kowace ta gina wa kanta ɗan gida na farar ƙasa, sabbi su hau kan gidajen matattu, har a samu tudu a cikin ruwa. A jikinsu akwai wata ƙanƙanuwar gansakuka da ke haɗa abinci da hasken rana ta ciyar da su, ita ce kuma ke ba su launi. Shi ya sa ake samun tuddan a ruwa mai ɗumi, garai-garai, marar zurfi. Masu dunƙulen jiki a cikinsu ba sa wuce kamar santimita ɗaya a shekara. Tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku suna rayuwa a jikinsu.

A 1956 Kusto da wani matashin mai shirya fim, Louis Malle, suka fitar da Le Monde du silence, wato Duniyar Shiru. Ya ci babbar lambar bikin finafinai na Cannes a shekarar, ya kuma ci Oscar. Miliyoyin mutane a nan suka fara ganin launin ƙarƙashin teku. Amma kallon fim ɗin a yau sai da dauriya. Akwai inda aka tayar da nakiya a kan tudun murjani don kifaye su taso a ƙirga nau'o'insu. Akwai inda farfelar jirgin ta sari ɗan kifin whale, kifayen shak suka taru a kansa, ma'aikatan jirgin suka yi ta jawo su suna kashewa. Akwai inda suke hawa bayan manyan kunkuru don wasa. Ba a ɓoye aka yi ba, don a lokacin kusan kowa yana ganin teku ya fi ƙarfin a ɓata shi. Bambancinsu da mai zuba gamalin a kogi don ya kwashi kifi, a ganina, kyamara ce kawai da sunan bincike.

Kuɗin tafiye-tafiyen ma da ƙanshin fetur. A 1954 Calypso ya yi wa wani reshen kamfanin da ya zama BP binciken ƙasan teku a gaɓar Abu Dhabi, kuma 'yan shekaru bayan haka aka tono mai a yankin.

Ƙauye a ƙarƙashin ruwan Sudan

A 1957 ya bar aikin soja, ya zama shugaban gidan nazarin teku na Monako. Daga nan sai ya shiga neman yadda mutum zai zauna a ƙasan ruwa, ba wai ya leƙa ya fito ba. Dalilin a kimiyyance yake: in mutum ya jima a zurfi, iskar naitirojin takan shige jini da tsoka, in ya taso da sauri ta yi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe, ta iya shanye masa jiki ko ta kashe shi. Amma da zarar jiki ya ƙoshi da iskar, lokacin da zai ɗauka wajen tasowa a hankali ɗaya ne, ko kwana ɗaya ya yi ko wata. Ke nan in akwai ɗakin kwana a ƙasa, sau ɗaya za a sha wahalar tasowa.

Ya fara gwadawa a 1962 kusa da Marsai, inda Albert Falco da Claude Wesly suka yi mako guda a mita 10. A 1963 sai ya kai aikin Sha'ab Rumi, wani tudun murjani arewa da Fot Sudan. Wannan gaɓa ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu da suka je hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan, a Sawakin da Fot Sudan suke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, kuma jikokin waɗanda suka zauna suna can har gobe. A ƙarƙashin ruwan da alhazai ke tsallakawa Kusto ya kafa gida mai siffar tauraro a zurfin mita 10, mutanensa suka yi kwana 30 a ciki, suna ci suna sha, har da aku. Wasu biyu suka yi mako a wani ɗan ɗaki a kusan mita 30. Akwai kuma garejin ajiye ƙaramin jirginsa na nutso mai kama da faifai. Fim ɗin da aka yi a kan aikin, Duniyar da Ba Rana, ya ciyo masa wani Oscar. Kamfanonin mai na Faransa na cikin waɗanda suka ba da kuɗi, kuma su ne suka fi cin moriyar dabarar, don da ita masu nutsonsu ke aiki a rijiyoyin cikin teku har yau. Garejin yana nan a Sha'ab Rumi, murjani ya lulluɓe shi, masu yawon nutso suna zuwa kallo.

Yadda ya juya

Ba rana ɗaya ya canza ba. Alamar farko ta bayyana a 1960, lokacin da hukumar nukiliya ta Faransa ta shirya zubar da sharar nukiliya a Bahar Rum. Kusto ya fito ya yi ta surutu, Yarima Rainier na Monako ya mara masa baya, mata da yara suka zauna a kan layin dogo suka tare jirgin da ke ɗauke da sharar. Dole aka fasa. Sauran kuma idonsa ne ya gaya masa. Mutum ne da ke komawa wuri ɗaya bayan shekara goma, bayan ashirin, ya tarar kifi ya ragu, ruwa ya gurɓace, murjani ya farfashe. Kaɗan ne a duniya suke da wannan damar kwatantawa, kuma na'urarsa ce ta ba shi ita.

Daga 1968 zuwa tsakiyar shekarun 1970 shirinsa na talabijin ya zagaye duniya, jar hularsa ta zama alama. A 1973 ya kafa ƙungiyar kare teku mai ɗauke da sunansa. A ƙarshen shekarun 1980 ya yaƙi yarjejeniyar da za ta halatta haƙar ma'adinai a Antatika, har ya kai yara shida daga nahiyoyi shida can a 1990, kuma a 1991 aka sa hannu a Madrid a kan haramta haƙar. A 1995 ya ajiye muƙamin da yake riƙe da shi na mai ba shugaban Faransa shawara, saboda Shugaba Chirac ya dawo da gwajin bam ɗin nukiliya a tekun Pasifik.

Sai dai akwai wata ɓarnar da shi ma da hannunsa a ciki, ko da bai nufa ba. Duk inda ya nuna a fim, sai jama'a su bi sahu. Shi ya fito da sunan babban ramin nan mai shuɗin ruwa na ƙasar Beliz bayan ziyararsa ta 1971. Shi ya gano Thistlegorm, jirgin Ingila da Jamus ta nutsar a Bahar Maliya a 1941 da babura da motoci a cikinsa, wanda yanzu yana cikin wuraren nutso mafi cunkoso a Masar. Ya yaba tsibirin Sipadan na Malesiya a ƙarshen shekarun 1980, sai otal-otal suka cika shi, har gwamnati ta tashe su a ƙarshen 2004, ta kuma ƙayyade yawan masu nutso a kowace rana. Anka ɗaya da jirgin 'yan yawo ya jefa kan iya fasa abin da ya yi shekara ɗari yana girma. A ɗaya ɓangaren kuma, kuɗin masu nutson ne ya sa wasu ƙasashe suka gane murjani mai rai ya fi matacce riba. Masar ta mayar da Ras Muhammad gandun da aka kare a 1983. Sanganeb na Sudan, wanda ba shi da nisa da Sha'ab Rumi, ya shiga jerin kayan gadon duniya na UNESCO a 2016.

Gida da ƙarshen rayuwa

Gidansa bai zauna lafiya kamar yadda ake gani a talabijin ba. Ɗansa Philippe, wanda ake sa ran zai gaje shi, ya mutu a hatsarin jirgin sama a kogin Tagus kusa da Lisbon a 1979. Simone, wadda ta fi kowa daɗewa a cikin Calypso, ta rasu a 1990. Shekara guda bayan haka ya auri Francine Triplet, sai ga shi ashe suna da 'ya'ya biyu tun Simone na da rai. Ya kuma kai babban ɗansa Jean-Michel kotu a kan sa sunan gidan a wani wurin shaƙatawa a Fiji. A Janairun 1996 wani jirgin dakon kaya ya bugi Calypso a tashar Singafo ya nutse, sai tsamo shi aka yi. Kusto ya mutu a Faris ranar 25 ga Yuni, 1997, yana da shekara 87.

Akwai labarin da ke yawo a WhatsApp wai ya musulunta bayan ya ga inda ruwaye biyu suka haɗu ba su gauraya ba. Ƙungiyarsa ta musanta tun yana da rai, a 1991, kuma a cocin Notre-Dame aka yi masa addu'ar jana'iza kafin a binne shi a garinsu. Gaskiya ba ta bukatar a ara mata shaidar da babu, don haka mu daina turawa.

Shekara ɗaya bayan mutuwarsa, a 1998, aka ga abin da ya fi nakiya. Ruwan teku ya yi zafi fiye da ƙima, murjani a sassa da dama na duniya ya yi fari fat. In zafin ruwa ya ɗara yadda aka saba da ko digiri ɗaya na tsawon makonni, murjani yakan kori gansakukar da ke ciyar da shi, in abin ya daɗe yunwa ta kashe shi. Hakan ya sake faruwa a 2010, da kuma tsakanin 2014 da 2017. Tushen abin ɗumamar yanayi ne, wadda hayaƙin mai da gas da kwal ke jawowa, wato har da man da Calypso ya taya nema.

Ni dai ban ɗauke shi waliyyi ba, ban kuma ɗauke shi mugu ba. Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya a kan cewa na'urarsa tana aiki ba. Ya bi ta ya ga inda ta kai mutane da abin da suka yi da suka isa, kuma da ya ga ɓarna bai yi shiru don kare sunansa ba. Mu nan, ranar kare furojet, abin da za a tambaye mu shi ne ko abin da muka haɗa yana aiki. Ba lallai wani malami ya tambaye mu ina baƙin man injin zai zuba ba, ko me zai sami rijiyoyin unguwa in mutum dubu suka sayi famfon da muka ƙera. Wannan tambayar mu za mu yi wa kanmu, kuma gara tun yanzu. Kusto sai da ya haura shekara hamsin kafin ya fara yin ta da ƙarfi, lokacin wasu wuraren da ya sani sun riga sun lalace.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa abin da muka koya ya amfani jama'a.